Bulalar Malami Da Sandan Makiyayi

Duk wanda ya taɓa koyarwa a makarantar firamare a arewacin Kamaru ya san wannan magana. Ranar buɗe makaranta cikin watan Satumba uba yakan riƙo hannun ɗansa ya kawo shi bakin aji, ya ce, "Malam, ga shi nan. In ya ƙi ji ka zane shi, kada ka ji tausayinsa." Wannan uba ba mugu ba ne. Ƙaunar ɗansa ce ta sa ya faɗi haka, gama shi ma da bulala aka rene shi, yana kuwa gani ita ce ta mai da shi mutum. Tambayar da nake so mu duba tare, 'yan'uwa, ita ce: ko daidai ne malami mai bin Almasihu ya karɓi wannan izini? In kuma ya ƙi karɓa, me zai yi ranar da yaro guda ya hana tamanin karatu?

Ajin da muke magana a kansa

Kafin mu yanke wa kowa hukunci, bari mu shiga ajin tukuna. Na yi shekaru ina koyarwa a unguwar Dougoï cikin birnin Marwa. A shekarar da zan ba da labarinta, yara tamanin da 'yan kai ne a ajina. Bencin da aka yi domin mutum uku, biyar ke zama a kai, waɗansu kuma a ƙasa. Cikin watan Maris da Afrilu rufin kwano yakan yi zafi har alli ya jiƙe a hannu. Da Faransanci ake karatu, amma a gida wannan Fulatanci yake ji, wancan Hausa, wani Giziga, wani Mafa, wani Tufuri, wani Barbarci. Yaron da ya shigo aji na fari, wanda ake kira SIL, sau da yawa bai taɓa jin jimla guda ta Faransanci ba. Tun shekarar 2000 gwamnati ta yi shelar cewa karatun firamare kyauta ne a makarantunta, yara suka ƙaru, amma azuzuwa da malamai ba su ƙaru daidai da su ba. Shi ya sa a makarantu da yawa iyaye ne ke tara kuɗi su biya wasu malaman, abin da ake ba su kuwa ba ya kai su ƙarshen wata.

Malamin da ya ɗauki bulala a irin wannan aji, yawanci gajiya ce ta miƙa masa ita. Na faɗi haka ne domin kada wani ya zaci ina tsaye a tudu ina jifan abokan aikina. Ni ma na riƙe ta shekara da shekaru.

Yaron da ya zo daga iyaka

Daga shekarar 2014 hare-haren Boko Haram suka tsananta a garuruwan kan iyaka kamar Amshide, Kolofata da Fotokol. Aka rufe makarantu da yawa a can, iyalai suka gudo Mora da Mokolo da Marwa. A cikin Yulin 2015 bama-bamai suka tashi a Marwa kanta. Da aka koma makaranta a Satumba na wannan shekara, aka kawo mini wani yaro daga wajen Kolofata. Shekarunsa sun kai goma sha uku, 'yan ajin kuwa tara da goma. Ba ya gaisuwa, ba ya kallon ido. Yakan yi barci da safe, ya farka ya tsokani na kusa da shi. Yakan ƙwace ƙosan ƙanana lokacin hutu. Na sa shi durƙuso, na sa shi kamun kunne, na yi masa bulala uku, na yi masa shida. Duka a banza.

Wata rana, ana shirin karatu da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, sai ya fizge allon wata yarinya ya buga mata a goshi. Allon ya fashe, jini ya zubo. Ran nan na doke shi da fushi, ban ƙirga ba. Bai yi kuka ba. Ya tsaya yana dubana kamar wanda ya riga ya ga abin da ya fi wannan. Kashegari bai zo ba, har mako biyu. Gaskiya ita ce na ji daɗi, domin ajin ya yi shiru. Amma ranar Lahadi a majami'a aka karanta misalin tunkiyar da ta ɓace daga Matiyu sura 18, sai zuciyata ta hana ni sakat. Ni makiyayi ne da ya ƙirga garkensa, ya ga guda ta ɓace, ya yi hamdala.

Hujjar masu bulala

Ya kamata mu saurari masu goyon bayan bulala da kunnen basira, gama akwai dattawan ikkilisiya masu tsoron Allah a cikinsu. Sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sukan ce ka ƙi naka duniya ta so shi, ka so naka duniya ta ƙi shi. Sukan buɗe Karin Magana 13:24, inda aka nuna cewa uban da ya hana ɗansa sanda bai yi masa gata ba. Sukan kuma buɗe 23:13-14, inda maganar dūka ta fito a fili. Ba zan yi wayo in ce waɗannan ayoyi ba su nan ba. Suna nan, kuma Maganar Allah ce.

Suna da wata hujja wadda ta fi waɗannan nauyi a wurina. Sukan ce, "To, yarinyar da aka fasa wa goshi fa? Ita ba 'yar mutum ba ce?" Wannan tambaya ce ta adalci. Malamin da ya ji tausayin mai laifi har ya manta da wanda aka zalunta, ya yi zalunci na biyu. Uban yarinyar ya zo makaranta washegari, idonsa jawur. Da na ce masa mu yi haƙuri kawai, da na ci amanar da ya ba ni.

Me Littafi Mai Tsarki yake nufi da horo?

Sai dai akwai abubuwa da ya kamata mu lura da su. Na farko, kalmar Ibrananci da aka fassara "sanda" a Karin Magana 13:24 ita ce kuma take cikin Zabura 23:4, inda Dawuda yake samun ta'aziyya daga sandan makiyayinsa. Mu da muke zaune tare da Fulani mun san aikin sandan makiyayi. Da shi yake nuna hanya, da shi yake tare wadda ta ratse, da shi yake korar kura. Yakan taɓa saniya da shi wani lokaci, amma ba mu taɓa ganin makiyayin kirki ya huce haushinsa a kan ɗan maraƙi ba. Sandan yana da amfani ne domin hannun da ke riƙe da shi ya san kowace dabba, ya kwana da su a daji.

Na biyu, Karin Magana tana magana ne da uba game da ɗansa, wanda ya san halinsa tun yana goye, wanda zai ci tuwo tare da shi da daren ranar. Ni ban san ko sunan garin yaron nan ba sa'ad da na fara dūkansa. Na ɗauki ikon uba, ban ɗauki nawayar uba ba.

Na uku, ko uban ma an ja masa iyaka. Manzo Bulus a Afisawa 6:4 ya gargaɗi ubanni kada su cusa wa 'ya'yansu fushi, a Kolosiyawa 3:21 kuma ya ba da dalili, watau kada zuciyar yaran ta karai. Ibraniyawa sura 12 ta nuna cewa horon Allah yana da zafi a lokacinsa, amma daga ƙauna yake fitowa, ana kuwa gane shi ta wurin 'ya'yan da yake haifarwa daga baya. Ashe akwai ma'auni. Horon da ya bar yaro da ƙiyayya da karayar zuciya ya fāɗi a kan wannan ma'auni, ko da an kafa masa aya. A ranar da na doki yaron nan, ban yi tunanin gyaransa ba ko kaɗan. Fushina nake biya wa bukata. Yakubu 1:20 kuwa ya riga ya gaya mana cewa fushin mutum ba ya kai ga adalcin da Allah yake so.

Abin da doka ta ce

Akwai kuma maganar hukuma. Dokar ilimi ta Kamaru, mai lamba 98/004 ta ranar 14 ga Afrilu 1998, a sashe na 35, ta tabbatar da kiyaye lafiyar jiki da mutuncin ɗan makaranta, ta kuma haramta dūka da kowane irin cin zarafi a makaranta. Kafin wannan, Kamaru ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a kan haƙƙin yara. Kowa ya sani cewa bulala ba ta bar azuzuwa ba saboda an rubuta doka. Amma mai bi ba shi da izinin zaɓen dokar da ta yi masa daɗi. Romawa sura 13 ta umarce mu da biyayya ga mahukunta, sai fa in sun ce mu saɓa wa Allah. Ba inda Allah ya umarci malami ya doki ɗan wani. Saboda haka izinin da uba ya ba ni a bakin aji bai isa ya halatta abin da doka ta hana ba. Kuma yaya zan koya wa yara bin doka da bulalar da nake ɓoyewa cikin akwati in sufeto zai zo?

Shaidar waɗanda suka riga mu

Wannan gardama ta daɗe a cikin ikkilisiya. Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, ya zama babban malamin ikkilisiya. A littafinsa na furta zunubai ya ba da labari cewa tun yana ƙarami yakan roƙi Allah kada a doke shi a makaranta, manya kuwa, har da iyayensa, dariya suke yi masa. Ya kuma ce ya ƙi jinin harshen Helenanci domin da tsoratarwa aka tilasta masa shi, alhali Latinanci ya koya cikin wasa da raha a gida ba tare da wahala ba. Duk malamin da yake cusa Faransanci da bulala cikin kan ɗan Mafa ko ɗan Bahaushe, ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kan wannan.

A birnin Turin na Italiya, Don Bosko, wanda ya rasu a 1888, ya tara yaran titi da 'yan ƙwadago, waɗansunsu ma sun taɓa zaman kurkuku. A 1877 ya rubuta bayanin hanyarsa ta tarbiyya, wadda ya kafa a kan hankali da addini da ƙauna. Ya hana dūka da jan kunne da durƙuso mai zafi. Ya ce a tsawata wa yaro a keɓe, malami kuma ya kasance tare da yara har a filin wasa, domin a tare laifi tun bai auku ba. Yaransa ba su fi namu sauƙi ba.

A nan kusa da mu kuma akwai Baba Simon, watau Simon Mpeke, limamin Katolika daga kudancin Kamaru, wanda ya zo arewa a 1959 ya zauna a Tokombere, ya rasu a 1975. Ya yi ta hawan duwatsu ba takalmi, yana zama da iyaye a gidajensu, yana lallashinsu su bar 'ya'yansu su yi karatu. Ya gane cewa ba a samun yaro sai an taka zuwa inda ya fito.

Zunubin Eli

Amma kada wani ya ji wannan ya ce to, shi ke nan, sai a bar yara su yi yadda suka ga dama. Littafin Sama'ila na Fari, sura 2 da 3, ya ba mu labarin Eli firist, wanda ya san muguntar 'ya'yansa, ya yi musu 'yar magana mai sanyi, bai hana su ba. Allah ya hukunta gidansa saboda wannan. Akwai malaman da suka ajiye bulala suka ajiye horo tare da ita. Sukan rubuta darasi a allo su fita su zauna gindin darbejiya, su ce ai doka ta ɗaure musu hannu. A irin wannan aji ƙarfi ne yake mulki, ƙanana da 'yan mata su ne ke shan wuya. Wannan malami bai fi mai bulala ba. Dukansu biyu sun guje wa aiki mai wuya, watau sanin yaro da tsayawa a kansa kullum.

Abin da na tarar a gidansu

Na yi tambaya har na sami gidan. Ɗaki guda ne na haya a bayan wani shago. Gwaggonsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri da shi. Ni ma dūkansa nake yi, ba ya ji." Na ce, "Inna, ba ƙara na kawo ba. Na zo in ji labarinsa ne." Sai ta gaya mini an kashe ubansa cikin dare a garinsu, yaron kuwa yana ɓoye a rumbu yana ji. Shekara biyu bai shiga aji ba. Kullum da asuba yana tura kurar ruwa ya sayar kafin ya tafi makaranta, sau da yawa ba ya karyawa.

Da ya shigo, na ba shi littafin aji na fari, mu biyu kaɗai. Bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Nan na gane abin da ya faru. Duk ranar da za a yi karatu da ƙarfi, ranar yake ta da faɗa. Ya gwammace a doke shi a ce masa mugu, da ƙanana su yi masa dariya su ce masa daƙiƙi. Bulalata ita ce ƙofar da yake bi ya tsere wa kunya. Wata uku ina tsammani ina hukunta shi, ashe biyan bukatarsa nake yi.

Na roƙe shi gafara domin na doke shi cikin fushi. Wannan ya yi mini wuya, gama a al'adarmu babba ba ya roƙon yaro. Sa'an nan na ce, "Ɗana, abin da ka yi wa yarinyar nan laifi ne, sai ka biya." Muka tafi gidansu tare, ya durƙusa gaban ubanta ya nemi gafara. Ya sayi sabon allo da kuɗin ruwansa, kaɗan kaɗan, har mako uku. Zakka mai karɓar haraji, cikin Luka sura 19, ya nuna tubansa ta wurin mayar da abin da ya ƙwace. Yaro ma yana iya koyon wannan, kuma ya fi bulala zama a rai.

Abin da malami zai riƙe a hannu

Ga abin da na koya bayan haka, ban kuwa ce ya isa ba. Dokokin aji su zama kaɗan, huɗu ko biyar, a bayyana su da Fulatanci ko Hausa in ya kama, kowa ya san abin da zai biyo bayan karya su. Hukunci ya yi kama da laifin: wanda ya ɓata wuri ya share, wanda ya fasa ya biya, wanda ya cinye lokacin aji ya rama daga lokacin wasansa. Kada a zartar da hukunci cikin fushi. A ce wa yaro, "Jira ni bayan an tashi," wannan jira kaɗai horo ne gare shi, kariya ce kuma ga malami. Tsawatarwa ta zama a keɓe, yadda Ubangiji ya koya mana a Matiyu 18:15, yabo kuwa a gaban kowa. Yaro mai yawan motsi a zaunar da shi gaba, a ba shi aiki. Nawa na sa shi riƙon makullin aji da rabon littattafai. A lura da lokacin da rigima take tashi, gama sau da yawa akwai yunwa, ko rashin barci, ko ido da ba ya ganin allo, ko karatun da ya gagara, a bayanta. Wanda ya zama haɗari ga sauran kuwa, a fitar da shi nan take zuwa wurin shugaban makaranta, a kira iyayensa, domin kiyaye tamanin ɗin wajibi ne.

Malami shi kaɗai ba zai iya wannan ba. A nan ikkilisiya take da aiki. Zumuntar mata tana iya gano yaran da suke zuwa makaranta da yunwa. Matasa masu karatu a sakandare da jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, suna iya zama da yaran da aka bari a baya, sa'a guda da yamma a harabar majami'a. Fastoci su yi wa iyaye wa'azi a kan Afisawa 6:4 kamar yadda suke yi wa yara a kan ayoyi uku na farkon surar. Iyaye kuma, maimakon su ce "ka zane shi," bari su ce, "Malam, in ya yi laifi ka aiko mini."

Ƙarshen labarin

Ba zan ce yaron ya zama waliyyi ba. Ya sāke yin faɗa sau biyu a wannan shekara, sau ɗaya har na mai da shi gida kwana uku. Amma kafin hutun ƙarshen shekara ya karanta shafi guda da ƙarfi a gaban aji, yana inda-inda, ba wanda ya yi dariya. Bai kai ga jarrabawar CEP ba, talauci ya fitar da shi daga aji na biyar. Yanzu yana ɗaukar fasinja a babur cikin Marwa. Yakan tsaya ya gaishe ni, ya kuma ƙi karɓar kuɗina. Akwai waɗansu yara kuwa da na kora da bulala a shekarun da suka gabaci wannan, ban bi sawunsu ba, ban kuma san inda suke ba. Su ne nake kawowa gaban Allah in na tuna.

Ya ɗan'uwana malami, Ubangiji Yesu ya ɗauki ƙaramin yaro ya tsayar da shi a tsakiyar almajiransa, ya kuma yi kashedi mai tsanani ga wanda zai sa irinsa tuntuɓe. Bai ware masu taurin kai daga cikin wannan kashedi ba. Mu kanmu masu taurin kai ne da Allah ya yi wa haƙuri, ya hore mu ba tare da ya yashe mu ba. In akwai yaro a ajinka wanda kake jin daɗi ranar da bai zo ba, ka nemi gidansu cikin wannan mako. Allah ya ba mu hikima da jimrewa cikin wannan aiki. Amin.